Kwaɗon Tankin Alhaji Ma'azu

Akwai wani dattijon direba a Funtuwa, Malam Haladu, bawan Allah wanda in ka ga yana goge gilashin mota sai ka rantse fuskar jariri yake wankewa. Shekara ashirin da ɗaya yana tuƙa Alhaji Ma'azu dillalin auduga. Shi ya kai Hajiyar gidan zuwa asibiti duk haihuwarta, shi ya yi ta jigilar 'ya'yan zuwa makaranta, shi kuma ya kai wasunsu ɗakin aurensu. A duk tsawon shekarun nan ko kazar maƙwabta bai taɓa takewa ba, balle a ce wani abu ya ɓace a hannunsa.

Shi kuwa Alhaji Ma'azu ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Yana ciyarwa, yana zumunci, in ka je masa da kuka ba ka dawowa hannu rabbana. Ciwonsa ɗaya ne tak, fetur. Ka roƙe shi buhun masara zai ba ka har ya haɗa maka da kuɗin dako, amma in ya ga allurar man motarsa ta ɗan sunkuyar da kai, sai ya kasa cin tuwo. Tun zamanin da aka yi wahalar mai ya wuni uku a layi abin ya shige shi, har yau bai fita ba.

Saboda haka Alhaji ba ya aiken kowa gidan mai. Da kansa yake zuwa. Malam Haladu ya tuƙa, shi ya fito ya tsaya a kan mai zuba man kamar wanda aka ba gadin mayya. Idan tanki ya cika famfo ya yi ƙas ya tsaya, mai zuba man ya ce, "Alhaji, ta cika," sai Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya gaya maka?"

"Famfon ne ya tsaya, ranka ya daɗe."

"Famfo ne ya sayi motar? Dakata."

Sai ya naɗe hannun babbar riga, ya tokare kafaɗa a jikin mota, ya shiga jijjiga ta. Ya tura, ya saki, ya tura, ya saki, hula tana rawa, tumbi yana rawa, motar tana rawa. Wai iska ce ta tare wuri a cikin tanki, in an jijjiga sai ta fita mai ya samu gurbi. Ya ce a ƙara. Famfo ya sake yin ƙas. Ya sake jijjigawa. In ranar yana jin ƙarfi har dutse yake sa a kawo, Malam Haladu ya hau da tayar baya a kai don motar ta karkace. Ba ya barin wurin sai ya leƙa ya ga fetur yana ƙyalli a bakin tanki kamar mai a kan miya.

Tsohuwar motarsa ta jure wannan rawa shekara da shekaru, don ita ba ruwanta, ko kananzir ka ba ta sai ta yi tari ta tashi. To sai Allah ya hore wa Alhaji ya sayi wata mota 'yar Kwatano, fara sol, mai sanyi a ciki, irin waɗanda ake cewa da kwamfuta a cikinsu. Ranar farko da aka je gidan mai da ita, Malam Haladu ya ga Alhaji yana naɗe hannun riga, sai ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji, na ji ana cewa motocin yanzu ba sa son a cika su har wuya. In famfo ya tsaya, a tsaya."

"Ita ta gaya maka?"

"A'a, direbobi ne a tasha."

"To ranar da ta buɗe baki ta gaya maka, ka zo ka sanar da ni. Matsa."

Malam Haladu ya matsa. Shi ba mai jayayya ba ne.

Ba a yi wata biyu ba motar ta buɗe baki. Wata safiya ana hanyar Bakori sai ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mai siffar inji, wadda 'yan gareji ke kira wutar cek. Malam Haladu ya nuna wa Alhaji, ya ce ya kamata a kai a duba. Alhaji ya ce mota tana tafiya, sanyi yana aiki, me za a duba? Ya sa aka yanko baƙin salatif aka liƙe wutar. Magani ke nan a wurin Alhaji, abin da ido bai gani ba ya warke.

Amma motar ba ta haƙura ba. Duk ranar da aka sha mai, sai ta yi ta gardama kafin ta tashi. Ga wani warin fetur da ke tasowa ta baya in rana ta take. Nan fa hankalin Alhaji ya tashi, ba don motar ba, don warin. Fetur da ke cikin tanki ai ba ya wari a waje, in ji shi, sai in fitowa yake yi. Ya tsayar da wani mai gyaran wayar mota a bakin hanya, mutumin ya ɗan dudduba ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, amma ƙorafin daga wajen tanki yake. Kamar akwai abin da ke fita ba ta hanyarsa ba."

Shi ke nan. Alhaji bai ji komai ba sai wannan. Duk hanyar komawa gida ƙeyar Malam Haladu kawai yake kallo. Shekara ashirin da ɗaya yana kallon wannan ƙeya, sai ranar ya ga ta yi masa kama da ta masu zuƙar mai da tiyo.

Washegari da kansa ya kwance murfin tanki ya kai wa wani mai gyaran makulli a bakin kasuwa. Ya sa aka huda murfin, aka zura masa ƙarfe, aka haɗa da 'yar sarƙa, aka maƙala wani jibgegen kwaɗo irin na akwatin amare na dā. Makullin kuwa ya zura a igiya ya rataya a wuya, a ƙarƙashin riga. Motar miliyoyi tana yawo a gari, ƙofar tankinta ba ta rufuwa, kwaɗo yana lilo yana bugun fenti, kas, kas, kas. Malam Haladu ya ga kwaɗon, ya gane da wa ake. Allah sarki. Sai dai ya samo tsumma ya naɗe kwaɗon don kar ya ƙara ƙwarzane motar.

To ku ji ikon Allah. Tunda aka sa kwaɗo warin ya ninka. Ranar da aka cika tanki aka ajiye motar a rana a ƙofar sito, kafin azahar sai ga sawun fetur ya gangaro daga bakin tanki har taya. Alhaji ya fito ya gani, ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya shafa makullin da ke wuyansa.

"Haladu!"

"Ranka ya daɗe."

"Mene ne wannan?"

"Fetur ne, Alhaji."

"Na san ba zuma ba ce. Makulli yana wuyana, tanki yana zubar da hawaye. Wato har ka yanko naka ko?"

Malam Haladu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. A gaban leburori aka faɗi wannan magana, suna ɗauke da buhunan auduga sun tsaya cak. Da ƙyar ya ce, "Alhaji, ni?"

"A'a, ni. Ni nake satar man kaina."

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, don leburori ba sa ajiye labari ya kwana. Da Malam Haladu ya koma gida ya tarar da matarsa Tabawa tana tankaɗe, idonta ja, ashe har wata maƙwabciya ta aiko a tambaya ko ana samun fetur na kwalba a gidan.

"Malam, ka ajiye masa makullinsa," in ji ta. "Ba za mu mutu ba. Ko ɗan wake zan riƙa yi mu ci."

Ya zauna a bakin tabarma ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Tabawa, barin aiki ba wuya. Amma in na bari yau, da wane suna na bari? Gobe jikokina su wuce a ce ga jikokin mai tiyo?"

"To sai ka zauna yana zubar maka da mutunci?"

"Motar nan ba ta ƙarya. Akwai abin da take faɗa, ba mu iya yarenta ba ne. Bari a samu wanda ya iya."

Wanda ya kawo mafita shi ne Malam Kallamu, na'ibin masallacin unguwa, wanda kuma taubashin Alhaji ne, ɗan gwaggonsa. Shi kaɗai ne a Funtuwa yake iya gaya wa Alhaji baƙar magana a yi dariya. Da ya ji labari bayan sallar asuba ya tare Alhaji a ƙofar masallaci.

"Ma'azu, na ji ka sa wa mota kwaɗo. Saura ka gina mata katanga ka ɗauko mata maigadi."

"Kai dai ba ka da mota, ba za ka gane ba."

"Ba ni da mota, amma ina da hankali, kowa da abin da Allah ya ba shi. Ka zargi mutum ba shaida? Akwai wani Sagiru a hanyar Zariya, bayan gari, yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi duk abin da ke cikinta. Mu je a tambaye ta."

Idon Alhaji ya yi haske. "Tana faɗin wanda ya buɗe ta?"

"In ma sunan kakarsa kake so, sai mu je mu ji."

Da hantsi suka kama hanya su uku. Garejin Sagiru da nisa, sai an wuce gidajen gari, an wuce gonaki, tafiyar da mai ƙafa zai yi awa ɗaya da rabi in bai tsaya shan ruwa ba. Ga shi bazara ce, ranar nan da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Alhaji ya sha babbar riga mai aiki da sabon takalmi sau-ciki, don a ganinsa ranar shari'a ce, kuma shi ne alƙali.

Suna isa suka tarar da mutane a ƙarƙashin rumfa, masu jiran gyara da 'yan acaɓa masu fakewa rana. Alhaji ya ga taro ya samu, sai ya miƙa hannu.

"Haladu, kawo makullin mota."

Malam Haladu ya ba shi. Alhaji ya ɗora makullin a kan bonet, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya gyara murya.

"Jama'a, ku zama shaida. Ana cutata a kan man motar nan. Yau na zo na'ura ta tona asiri. Wallahi tallahi, duk wanda na'urar nan ta nuna shi ne ke ɓarnar man nan, yau ba zai shiga motar nan ba. Da ƙafarsa zai koma gari, kowa ya gan shi. Makullin nan kuwa mai gaskiya ne zai ɗauka."

Malam Kallamu ya ce, "Ma'azu, rantsuwa fa ka yi. A gaban na'ibi."

"Na yi. In ƙara?"

"Ko waye?"

"Ko waye! Ko uban waye!"

Malam Haladu ya koma gefe ya tsuguna a inuwar wata matacciyar mota. Gabansa yana faɗuwa, ba don ya yi ba, sai don ya san na'ura ma ɗan Adam ne ya ƙera ta. In ta yi kuskure fa? Wa zai yarda da tsohon direba a kan kwamfuta?

Sagiru ya fito yana goge hannu, magidanci ne mai sanyin magana. Ya gaida Alhaji, ya gaida Malam Kallamu, ya ce wa direban, "Baba, sannu da hanya." Ya leƙa cikin mota, ya ɓamɓare baƙin salatif, wutar ta bayyana tana nan daram.

"Alhaji, wa ya rufe mata baki?"

"Damuna take yi."

"Ai don ta dame ka aka sa ta."

Ya jona 'yar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan, ya danna can. Alhaji ya sunkuyo har hularsa tana gogar rufin mota.

"Ka tambaye ta rana da lokaci. Ka tambaye ta ko da tiyo ne ko da mazubi."

"Ba ta san wannan ba, Alhaji. Bari in gaya maka abin da ta sani. Tankin motar nan an yi shi ne a toshe ruf, kamar tulun da aka liƙe wa baki. Fetur kuwa da ya ji zafi tururi yake yi. Waɗanda suka ƙera ta ba sa so tururin ya fita waje, sai suka yi masa 'yar hanya zuwa wani gwangwani cike da gawayi a ƙarƙashin mota. Gawayin ya riƙe tururin, in an tada mota inji ya zuƙe shi ya ƙone. Ba asara, ba wari."

"Gawayi?" in ji Malam Kallamu. "Ma'azu, ashe murhu ka saya da tsada haka."

Sagiru ya yi murmushi ya ci gaba. "A saman tankin kuma akwai wata 'yar aba, sansa muke ce mata. Aikinta ɗaya, ta ji yadda iska ta matsu a ciki. Lokaci-lokaci motar takan toshe duk hanyoyin, ta tsaya ta saurara. In iska ta zurare ta wani wuri, ko hanya ta toshe, sai sansa ta kai ƙara, wutar nan ta kama."

"Kun ji ko!" Alhaji ya daka tsalle kamar ba shi ke da tumbin ba. "Ta kai ƙara! To ko sansar ce ta lalace? Kar a ce na zalunci wani."

"Lafiyarta ƙalau. Gaskiya take faɗa, tankin nan a buɗe yake ta wani wuri."

Alhaji ya juya ya kalli Malam Haladu, kallo mai tsawo, har da girgiza kai irin na mai tausayi. Malam Haladu ya sunkuyar da kai yana jan carbi a cikin aljihu.

"Yanzu za mu ga wurin da ido," in ji Sagiru. Ya jawo wata na'ura mai tiyo, ya buɗe bonet bayan ya ɗauke makullin ya mayar kan rufin mota, ya jona tiyon a wata 'yar hanya. "Hayaƙi zan hura a ciki. Duk inda ɓarakar take, ta nan zai fito."

Mutanen rumfa suka taso suka kewaye mota. Wani ya durƙusa yana leƙen ƙasa. Alhaji ya harɗe hannu a baya. Na'ura ta shiga ƙara. Can sai wani ɗan acaɓa ya ce, "Ga shi nan!"

Farin hayaƙi ne siriri yake fitowa a natse, ba ta ƙasa ba, ba ta gefe ba, ta cikin hudar da aka zura ƙarfen kwaɗo. Yana fitowa yana naɗe kwaɗon kamar ana yi masa turare.

Sagiru ya kwance tsumman, ya ɗaga kwaɗon da yatsa biyu. "Subhanallahi. Wane mara imanin ne ya huda murfin nan?"

Malam Kallamu ya miƙa hannu ya jawo igiyar wuyan Alhaji, makulli ya fito yana reto.

"Murfin nan da robarsa shi ne liƙin tulun," in ji Sagiru. "An huda shi, to duk zafin ranar nan man yana tashi yana fita ta nan. In kuma an cika tanki aka bar ta a rana, man ya kumbura ya biyo hudar ya gangaro. Ga sawunsa nan a fenti."

Wani daga baya ya yi tari irin wanda ba tari ba ne. Amma Alhaji dillali ne, ba a kayar da shi a zagaye ɗaya. Ya fizge igiyarsa ya mayar cikin riga.

"Tsaya, yaro. Kwaɗon nan sati biyu ke nan. Wutar kuwa ta fi wata da kamawa. Kafin kwaɗo wa ke buɗewa? Amsa min wannan!"

"Gaskiyarka, Alhaji," in ji Sagiru. "Akwai ƙara ta biyu a na'urar. Bari in shiga ƙasa."

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Aka ji ƙarar sifana. Jim kaɗan Sagiru ya fito riƙe da wani baƙin gwangwani, yana ɗauke da shi da hannu biyu saboda nauyi. Ya karkata shi a kan wani tsohon kwano, sai ga fetur yana tsiyaya, baƙi-baƙi, da ɗigon gawayi a ciki.

"Allahu akbar!" Alhaji ya ɗaga hannu sama. "Ga ma'ajiyar! Jama'a kun gani da idonku! Nan yake ɓoyewa, in na ba da baya ya zo ya tsiyaye! Haladu, shekara ashirin da ɗaya! Da me na rage ka?"

"Alhaji, dakata," in ji Sagiru. "Wannan shi ne gwangwanin gawayin. Ba mai iya zuba masa mai da hannu, ko ni sai na kwance rabin ƙasan mota. Tururi kaɗai aka yi shi ya sha. Hanya ɗaya ce ruwan fetur ke shiga nan."

"Wace hanya?"

"In famfo ya yi ƙas ya tsaya, aka ce a ƙara. Ya sake tsayawa, aka ce a ƙara. Sai man ya haye har ya kai bakin hanyar tururi. In kuma aka samu wani mai ƙarfi ya kama motar yana jijjigawa, to kamar ɗura yake yi mata. Gawayi ya jiƙe, hanya ta toshe, mota ta riƙa gardamar tashi, wari ya taso, sansa ta kai ƙara. Wannan kuwa ba jijjigar rana ɗaya ba ce. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana yi, kuma da zuciya ɗaya yake yi."

Kaza ta wuce ta tsakiyar taro ba wanda ya kore ta.

Sagiru, shi bai san komai ba, ya juya wajen direba. "Baba, kai ma da girmanka? Ku daina biye wa 'yan tasha."

"Ni ba a aikena gidan mai, ɗana," in ji Malam Haladu a hankali.

Sai ɗan acaɓan nan ya ƙura wa Alhaji ido, ya tafa hannu. "Af! Wallahi shi ne! Alhajin nan ne mai rawa da mota a gidan man kan kwana! Har dutse ake kawo masa. Mu har tsayawa muke mu kalla!"

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle. Wani ya riƙe ciki, wani ya faɗa kan taya. Malam Kallamu ya share hawaye da gefen rawani ya ce, "Ma'azu, jiya an ce ka faɗa da bakinka, wai kai kake satar man kanka. Ashe ikirari ka yi, mutane suka ɗauka gatse ne."

Alhaji ya cire hula, ya mayar. Ya duba agogo. Ya tambayi Sagiru ko akwai wani gwangwanin, da murya irin ta wanda ya zo sayen gishiri. Aka ce akwai, da murfi ma. Ya ce a sa. Ya koma can ƙarshen benci ya zauna yana danna waya, wayar da ko a kunne ba ta. Malam Haladu kuwa bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya tashi ya samo ruwa da tsumma, ya durƙusa yana wanke sawun fetur ɗin da ke jikin fenti, a hankali, kamar mai share wa yaro hawaye.

Kafin a gama rana ta take tsaka, kwalta tana ƙyalli kamar an zuba mata ruwa. Sagiru ya ɗaura sabon murfi, ya goge ƙarar da ke cikin na'ura, ya miƙa wa Alhaji kwaɗonsa da sarƙarsa a leda. Malam Haladu ya sa hannu ya ɗauki makulli daga kan rufin mota, a gaban kowa, ba wanda ya ce masa don me. Ya shiga ya tada ta. Ta tashi da bugu ɗaya, ba wuta, ba wari. Malam Kallamu ya buɗe baya ya baje a kujerar mai gida, ya ce a ƙaro sanyi.

Alhaji ya taso yana gyara babbar riga, sabon takalmi yana ƙara, leda tana kas-kas a hannu. Ya ja hannun ƙofa ya ji ta a kulle. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Malam Haladu ya sauke shi kaɗan. Mutanen rumfa duk suka miƙa wuya.

"To, Haladu," in ji Alhaji, yana kallon sama, "abin da ya wuce ya wuce. Ni na yafe. Buɗe mu tafi."

Malam Haladu ya ɗan rusuna daga zaune, cikin ladabin nan nasa na shekara ashirin da ɗaya.

"Na gode, ranka ya daɗe. To in yi gaba in ce wa Hajiya ta ɗora ruwan gasa ƙafa, ko in riƙa bin ka a baya a hankali da motar?"